Gadon Gwaggo Kulu

Ni na fasa shi da hannuna, ranar wata Laraba da hantsi. Na fara da wannan ne don kada a ɗora wa Abdulƙadiri laifin duka, ko da yake shi ma ba za a wanke shi tas ba.

Sunana Shafi'u. Shagona na bakin kasuwar Wurno, ina gyaran murhun gas, ina kuma juya injin ban ruwa ya bar fetur ya koma shan gas. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi, manoman albasa daga nan har Goronyo suke sallama da ni, har kaina ya fara kumbura. Gwaggo Kulu ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar uwata. Abdulƙadiri babban ɗanta ne, yana aiki a Abuja, kuma irin mutanen nan ne da ke son uwarsu ta waya.

A ɗakin Gwaggo akwai gadon ƙasa irin na mutanen da, mai rami a ciki da ƙofar wuta a gefe. In lokacin ɗari ya zo, bayan la'asar sai ta cusa kara da busasshen kashin shanu, su ci su zama garwashi, ta toshe ƙofar da kasko. A kansa take kwana, zafin yana ratsa ƙugunta har asuba. Tun ina yaro take fama da ƙugu da gwiwa, amma ta haura saba'in ba ta taɓa yin farilla a zaune ba. Da wannan take yi wa sa'o'inta gori.

"Ni ban iya gaida Ubangijina zaune awa sarauniya," haka take cewa.

Bara ta yi wani tari mai tsanani. Justina, nas ɗin da ta duba ta, ta ce hayaƙi na taɓa mata ƙirji. Maganar na isa Abuja sai ga waya.

"Shafi'u, kai ad da sanin gas," in ji Abdulƙadiri. "A hidda tsohuwag ga cikin hayaƙi. Ka samo mata hita mai kyau, irin ta turawa."

Abin nema ya samu. Na zo da tef ɗin awo na auna ɗakin, ƙafa goma sha biyu da goma, tsayi takwas. Na duba rufin kwano ba silin, na ƙara wani abu a lissafi saboda sanyin da ke saukowa ta sama. Har yau in aka ba ni ɗakin nan haka zan auna shi, lissafina bai yi kuskure ba. Na shiga Sakkwato na sayo hita mai ido biyu, da tukunyar gas, da tiyo mai kauri. Sai dai takardar da ke cikin kwalin ta ce a bar ƙafa uku tsakaninta da kowane kaya, ga shi gadon ƙasa ya cinye rabin ɗakin. Ni na ce a fasa. Abdulƙadiri ya ce a sa mata gadon ƙarfe da katifa, kuma a yi shi ba ta nan, don ta dawo ta ga abin mamaki.

Muka jira ta tafi Achida sunan jikarta. Raihana, autarta da ke zaune da ita, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona da diga a hannu.

"Yaya, ko ka bari ta dawo?"

"In ta dawo ba ta yarda," na ce mata. Kun ji fa, ashe na sani.

Gadon nan bai ba da kai ba sai azahar. Ya yi tauri kamar dutse. Da ya buɗe sai na ga cikinsa ba rami ɗaya ba ne, hanyoyi ne siri-siri suna zagaye kamar gidan gara, duk sun yi baƙi. Wayata na aljihu, ko hoto ban ɗauka ba. Na kwashe ɓaraguzan a baro na zuba a wani kwazazzabo bayan gida.

Ranar Asabar Gwaggo ta dawo. Ta daɗe tsaye a ƙofar ɗaki da ƙunshin kayanta a ka.

"Shahi'u, ina gadona?"

Na shiga zuba kamar mai tallar magani. Na kunna hita, ido biyu suka yi ja, ɗaki ya ɗumame nan da nan. Na nuna mata yadda ake murɗawa. Sannan na zo kan ƙa'ida: dole a bar taga a buɗe kaɗan, kuma dole a kashe kafin barci, don gas in ya ci iskar ɗaki ba ya sallama.

"To," in ji ta. "In hura wuta, in buɗe ma ɗari taga, in lokacin kwana ya yi in kashe. Mi ar ranatta ke nan?"

Ta sauke ƙunshinta a kan katifa ta ce Allah shi yi mana albarka, ni da Abdulƙadiri. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyar ta yi tana tashi da kanta, tana dafa bango. A na shida sai da Raihana ta ɗaga ta. Hita iska take ɗumamawa, ana kashe ta ɗumin ya bi taga ya fice, katifa kuwa kafin asuba ta yi sanyi kamar randa. Ƙugun da ya saba kwana a kan zafi shekara arba'in ya ƙage.

Na gaya wa Abdulƙadiri. Ya ce ƙarama na saya, in canza babba. Na san ba nan matsalar take ba, amma na fi son in yi wani abu da in zauna ina kallonta. Na cire mai ido biyu na ɗaura mai ido huɗu. Ita kuma ta sa bango ya riƙa gumi, Gwaggo ta kama ciwon kai, idanunta suka yi ja. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ranar ce Raihana ta same ni a zaure ta ce tun jiya Gwaggo a zaune take salla, kuma tana sa a sakaya ƙofa kada kowa ya gani. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na rufe shago mako guda na ce zan gina wani. Wai ni da ke kwance inji in mayar, gadon laka ne zai gagare ni? Na gwada a tsakar gida da bulo da siminti, wutar farko ya tsage. Na gwada da laka, hayaƙi ya fito ta ko'ina sai ta inda na bar masa hanya. Maginan garin duk na bi su, yaran yanzu ne, sai dariya. Wani tsoho ne ya ce mini aikin mata ne, kuma wadda ta gina na Gwaggo sunanta Asabe, daga wani ƙauye can bayan Maikujera.

Ƙauyen ya watse tun da 'yan bindiga suka matsa musu. A Rabah na same ta, a gidan wani ɗan ƙanenta, tana zaune a rana, hannuwanta na rawa ko kofi ba ta iya riƙewa. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni.

"Na Kulu kah hwashe?" ta ce. "Kai ɗan nan. Tana da cikin Abdu na gina mata shi."

Na ce ta kwatanta mini, ni zan yi.

"Da wace ƙasa? Yumɓun nan a wuri guda ɗai ni san shi, gindin tabkin garinmu. Wa ka zuwa can yanzu? Ko ka samo, sai an cuɗa shi da kashin jaki ya kwana bakwai. In anka gina, ba a sa mai wuta sai rana ta bazara ta gasa shi. Hanyoyin ciki ko hannu ka sanin su, ba baki ba." Ta ɗaga hannuwan ta nuna mini. "Ga su nan."

Ko da komai ya samu, sai baɗi ke nan. Na hau babur na dawo Wurno, ban san yadda na iso ba.

Washegari wajen tsakar rana na shiga gaishe da Gwaggo, ina ta shirya yadda zan gaya mata. Ba ta tambaye ni ba. Tana kwance, hita na gefe a kashe an ɗora mata kwanon fura a kai. Raihana ta yi mini raɗa cewa yau ko zaman ma ya gagara.

"Shahi'u, zo ka yi min wani aiki."

"To, Gwaggo."

"Gadon ga naku, na ga ba shi da nauyi. Ku juya min shi. In ni kwanta bisa dama, huskata ta dubi gabas. Azahar ta kusa, ba ni son in yi salla ina kallon bango na yamma."

Na kama kai, Raihana ta kama ƙafa, muka ɗaga gadon da ita a kai. Ban ji nauyin komai ba sai na ƙarfen.

"Ya yi haka?" na tambaya.

"Ƙara kaɗan," ta ce. Muka ƙara.