Makarantarmu Ta Koma Gidan Kaji

Tun da 'yan bindiga suka kwashe yara daga makarantar bayan gada, makarantarmu ta koma gidan kaji. Malama Babba, shugabar makarantar, ita ta kawo shawarar. Ta ce masu satar yara makaranta suke nema, to mu daina kama da makaranta. Aka shafe sunan da ke jikin ƙofa da fenti, aka zana kaza zaune a kan ƙwai uku. Mai zanen bai iya ba, kazar ta fi kama da buta, shi ya sa aka rubuta GIDAN KAJI a samanta don kada a yi gardama.

Aka hana sa kayan makaranta. Yara suna zuwa bibbiyu da kayan gida, littattafansu a cikin buhun abincin kaji. Malamai suka koma sa dogon takalmin roba. Aka sayo kaji biyar da zakara ɗaya, don a samu wari da kuka. Babbar doka kuwa ta murya ce, ba a karatu da ƙarfi. Malami zai raɗa wa 'yan layin gaba darasi, su raɗa wa na bayansu, har ya kai bango. Wani lokaci darasi yakan tashi daga gaba yana maganar koguna, ya isa baya ya zama labarin ciwon ƙafar kakar wani.

Ni aka ba tsaron ƙofa. Malama Babba ta ce ni ta fi so, don ko an tsare ni da tambaya ba abin da zai fito daga bakina. Gaskiya ta faɗa. Tun ina ƙarama, in baƙo ya yi min magana sai harshena ya manne, in yi ta kallon yatsun ƙafata. Shiru-shiru ake ce min a unguwa. Aikina shara da ba kaji ruwa. In baƙo ya zo, in buga bokiti sau uku don yara su shige ƙarƙashin benci, sannan in faɗa masa magana ɗaya tak: "Ƙwai ya ƙare."

Saboda ƙanwata Auta na karɓi aikin. Ni a aji uku na tsaya, shekarar da aka fara rufe makarantu. Auta ta kai aji shida, ita ce ta farko a gidanmu da za ta zauna jarrabawar gama firamare. Amma ba za a bar 'yan ajinsu su zauna ba sai sufeto ya zo daga ofishin ilimi ya ga makarantar da idonsa, ya buga hatimi a takardar sunayensu. Wata biyu muna jiransa bai zo ba, ga shi ranar Alhamis za a rufe karɓar sunaye. Inna ta riga ta ce ba za ta iya wata shekarar tana leƙen hanya da faɗuwar gaba ba. In ta bana ta wuce, Auta ta zauna a gida.

Ranar Alhamis da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buga bokiti, na leƙa. Wani mai sayen ƙwai ne da ya dame ni. Duk Litinin sai ya zo a kan tsohon keke, da kiret ɗin ƙwai babu komai a ɗaure a baya, da hula duk ta yage. Sau bakwai ina korar sa, yau kuma ga shi ya zo ba ranarsa ba.

"Ƙwai ya ƙare," na ce wa yatsun ƙafata.

"Na sani, 'yata, kullum ya ƙare," ya ce. "Yau dai ki taimaka min da ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Ba a koya min abin da zan ce wa mai ƙishi ba. Na buɗe, na je na ɗebo. Kafin in dawo ya shigo tsakar fili yana ta dube-dube, hannayensa a goye a baya.

"Kajin nan, nawa ne a kowane ɗaki?"

Na miƙa masa kofin ruwa.

"Suna da banɗaki? Na maza daban, na mata daban?"

Na koma kallon yatsun ƙafata. Zakara ya zo ya tsaya yana kallonsa. Mutumin ya matsa jikin tagar aji shida, ya goga yatsa a bakinta, ya duba ƙurar, ya girgiza kai. Sannan ya sa ido a wata 'yar kafa ta jikin katako. Sai na ga kofin ruwa ya faɗi daga hannunsa. Abin da ya gani yara ne arba'in da biyu a ɗaki mai duhu, a kwance ƙarƙashin benci, ba mai ko tari.

Ya juya zai gudu, ya yi karo da Malama Babba riƙe da shebur. A bayanta malamin lissafi ne da tsintsiya mai sanda, da malamar aji ɗaya da murfin tukunya.

"Wa ya aiko ka?" in ji Malama Babba.

Ya durƙusa. "Hajiya, wallahi ban ga komai ba. Idona ma ba ya gani sosai. Ni mai ƙwai ne, ɗan mai ƙwai."

"Mai ƙwai ne yake leƙen taga? Ku nawa ne? Ina kuka ajiye baburanku?"

"Ni kaɗai ne, ranki ya daɗe. Ku ji tsoron Allah ku sake ni. Ko kun riƙe ni ba wanda zai zo nemana, matata ma cewa za ta yi ku ƙara min kwana."

"Mu riƙe ka mu yi me da kai? Kai ne ka zo ɗaukar mana yara!"

"Ni? Ai ku kuka ɗauko su!"

Malamin lissafi ya ɗaga tsintsiya. Mutumin ya kare kansa da hannu, malamar aji ɗaya ta ɓuya a bayan murfin tukunya.

Ni ina gefe, idona a ƙasa kamar kullum, shi ya sa na ga takalminsa. Baƙi ne, ya sha goga har yana ƙyalli. Na ɗaga ido kaɗan, na ga babban yatsansa duk shuɗin tawadar hatimi. Sai na tuna ina aji biyu wani mutum ya taɓa zuwa ajinmu, ya goga yatsa a taga, ya duba, ya girgiza kai, ya tambayi banɗaki. Sau bakwai na kori mutumin nan da bakina.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake buɗewa. Na tuna Auta tana kwance ƙarƙashin benci, na damƙe mayafina.

"Malama," na ce. "Sufeto ne."

Duk suka juyo. Malamar aji ɗaya ta ce, "Laa, ashe tana magana."

Mutumin ya yi ta kallon shebur, sannan a hankali ya cire hular, ya zaro takarda a naɗe daga ciki. Hatimin kuma a cikin safarsa yake. Ya ce tun da aka sace sufetoci biyu a hanya, ofis ya hana su fita da mota ko kayan aiki. Kowa an ba shi sana'a. Shi ya samu ƙwai, abokinsa an ba shi gyaran fitila.

"To me ya hana ka ce kai sufeto ne?" in ji Malama Babba.

"An hana mu faɗa sai mun tabbata makaranta ce. Ku me ya hana ku ce makaranta ce?"

"Sai mun tabbata sufeto ne."

Ya tashi ya kaɗe gwiwa. Nan take muryarsa ta canja, ya daina cewa ranki ya daɗe. Ya ce a kawo masa kujera, ya ce filin nan akwai kashin kaji da yawa, zai rubuta. Aka fito da yara daga ƙarƙashin benci, ya ƙirga su, ya duba rajista, ya duba banɗaki. Ya yi ta sa alama a takardarsa har ya zo layin ƙarshe, sai ya tsaya.

"Nan an ce, na ji muryar ɗalibai suna karatu da kunnena. Ban ji ba."

Malama Babba ta yi wa yara alama. Suka fara raɗa.

"Wannan ai kukan sauro ne. Da ƙarfi nake so."

"Yallaɓai, shekara biyu muna ɓoye muryar nan. In suka ɗaga, har bakin titi za a ji."

"Hajiya, ni ba na sa hannu a abin da ban ji ba. Ƙarfe biyu ake rufe ofis, kuma da keke zan koma."

Agogon malamin lissafi ya nuna sha biyu da rabi. Na hango Auta a layin baya tana kallona, ta ciji leɓe.

Malamin lissafi ne ya kawo dabara. Maƙwabcinmu mai walda ne, ɗansa yana aji huɗu. Aka leƙa ta katanga aka roƙe shi ya kunna injin yankan ƙarfe don ya rufe muryar yara. Ya ce an gama, har da janareta zai haɗa. Aka rufe ƙofar aji da tagogi, injin ya ɗauka, ƙasa tana rawa, kaji suka watse.

Malama Babba ta ɗaga hannu, yara suka buɗe baki. Na ga jijiyoyin wuyansu sun tashi, wata yarinya har da hawaye. Suka yi ta yi har mai walda ya kashe inji.

Sufeto ya ce, "Na ga baki yana motsi. Ban ji komai ba sai inji."

"To ai don kada a ji aka kunna shi," in ji malamin lissafi.

"Shi ya sa ban ji ba."

Aka sake gwadawa ba janareta, bai ji ba. Aka gwada ya zauna a tsakiyarsu, ya ce ya ji wani abu amma ba zai rantse karatu ne ba. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Ya fara naɗe takardarsa yana cewa shi ma ba haka ya so ba.

Ban san lokacin da na ratsa cikin ajin ba. Na kamo hannun Auta na jawo ta har gaban kujerarsa.

"Yaya, me zan yi?"

Na nuna mata kunnensa. Na leƙa taga na ɗaga wa mai walda hannu, inji ya tashi. Auta ta kewaye bakinta da tafin hannu, ta kafa a kunnen sufeto, ta ja numfashi.

Ni da nake gefe, duk da ƙarar inji, sai da na ji. "Bakwai sau ɗaya, bakwai! Bakwai sau biyu, sha huɗu!" Muryar shekara biyu ce ta fito gaba ɗaya. Sufeto ya zabura, ta bi shi. Ya karkata, ta karkata. Ya ɗaga hannu yana nuna ya isa, ba ta gani ba don idonta a rufe yake. Sai da ta kai bakwai sau sha biyu ta sake shi.

Ya zauna yana ƙifta ido, hawaye na zuba ta ɓangare ɗaya. Malama Babba ta ce, "Yallaɓai, ka ji?" Bai amsa ba. Ta nuna masa layin da yatsa. Ya sa alama, ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya buga a takardarsa, ya buga a tamu. Na leƙa na ga shuɗin ya hau daidai gefen sunan Auta, wanda yake na sha bakwai a jerin sunaye.

Na raka shi ƙofa, na riƙe masa keke har ya hau. Titi cike yake da mutane, masu shago suna zaune a waje, wasu baƙin fuska biyu suna shan iska a gindin bishiya. Ya sunkuyo wajena kamar mai shirin raɗa, ya kare bakinsa da hannu. Bai san kunnensa ya toshe ba.

"KI GAYA WA SHUGABA MAKARANTARKU TA YI KYAU!" ya kwarma. "YARA ARBA'IN DA BIYU A AJI SHIDA KAƊAI! AMMA KU RIƘE SIRRI!"

Ya taka kekensa ya tafi yana karkace. Titin ya yi tsit. Na ja ƙofa na rufe, na sa sakata. Da na juya, Malama Babba tana tsaye a bayana, ta rungume takardar a ƙirjinta.

"Shiru-shiru," ta ce, "je ki tambayi mai walda ko yana da fenti, mu shafe kazar nan mu zana wata sana'a."