Kambas Mai Koren Layi

Doña Herminia ta dawo daga sayen tortiya, gurasar masara, da misalin ƙarfe goma da rabi, sai ta tarar da ƙofar gida a buɗe. Mijinta Cipriano ba ya kan kujerarsa. Silifas ɗinsa na nan a jere a gindin gado, an kuma sauko da wani tsohon kwali daga kan kabad, ba komai a ciki.

Shekara biyu ke nan da tunanin tsohon ya fara yoyo. Wata rana ya san kowa, wata rana ya tambayi 'yarsu Rosaura ko 'yar gidan wa ce. Amma bai taɓa fita shi kaɗai ba.

Ta buga wa Rosaura waya a wurin aiki, sannan ta shiga unguwa tana tambaya. Kowa ta ce wa tsoho ne mai malafa, sai ya ɗaga kafaɗa, don rabin tsofaffin garin León malafa ce a kansu. A haka har ta iso dandalin gaban coci, inda Nabor mai goge takalma ya shekara talatin yana zama.

"Doña, ni ban san fuskar kowa ba a garin nan," in ji shi. "Me ke ƙafarsa?"

"Torcaza."

"Wanne? Tun safe guda shida suka wuce ni. Na 'yan makaranta ne, farin nan mai gajeren wuya? Ko marar igiyar da 'yan kasuwa ke zurawa?"

Ba a koya wa Herminia Torcaza, kambas mai tambarin kurciya. Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga kamfanin, lokacin duk keken ɗinkinsu tara ne, a tsakar gidan mahaifiyar mai shi, Don Evaristo. Ita tana ɗinka yadin, Cipriano yana tanda, inda ake gasa tafin roba har ya kama jikin yadin ya zama abu ɗaya. A nan suka haɗu. Kamfanin ya bunƙasa har ya kai ma'aikata ɗari huɗu, daga baya takalman waje masu araha suka cika kasuwa, aka rufe shi, aka sayar wa wasu da sunan. Ranar rufewar kowane ma'aikaci ya fita da ƙafa ɗaya ta wanda yake so. Nasa ne Cipriano ya adana a kwalin nan.

"Mai dogon wuya ne," ta ce, "na 'yan ƙwallon kwando. Baƙi, hujin igiya takwas. Kurciyar tana idon sawu ta ciki, ba ta waje ba kamar na yanzu. Layin da ya zagaye robar kore ne."

Nabor ya ajiye buroshi. "Ashe naku ne. Saura kaɗan in bi shi in roƙa ya bar ni in taɓa. Rabona da koren layi tun ina da gashi a kai. Ya hau bas mai zuwa Coecillo, bai fi awa ɗaya ba. Tafiya yake kamar wanda ya makara wurin aiki."

Ba ta tsaya godiya ba, ta tare tasi.

Inda kamfanin yake a da, a unguwar Coecillo, yanzu wurin wankin mota ne. Ba abin da ya rage sai dogon bututun hayaƙi na jan bulo. Tun kafin direba ya gama tsayawa ta hango malafar. Cipriano na zaune a inuwa kan bokitin da aka kife, ga kofin kofi a gefensa. Wata mata mai ƙiba tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta dafa bango, shi kuma yana riƙe da takalminta yana lanƙwasa shi.

"Kin gani? Gam ne aka shafa," yake ce mata. "Damina ɗaya zai buɗe baki. Layin ma fenti ne. Namu a cikin robar yake, ko da wuƙa kika kankare kore za ki tarar. Wa ya bari wannan ya fita daga tanda?"

Matar ta ga Herminia, ta gane. Ta matso tana ɗingishi, ta yi ƙasa da murya. "Ni ce mai wurin. Ya zo yana neman ƙofar ma'aikata. Na ce masa yau an ɗaga aiki zuwa azahar, ya zauna ya jira. Mahaifina ma haka ya yi kafin ya rasu. Na aika a kira 'yan sanda, amma ga ki kin riga su."

Herminia ta dubi mijinta. Sai ta kama hannun matar ta riƙe.

Cipriano ya ɗago kai, ya ƙura mata ido. Ta jira, don ba ta san wace ce za ta zama a wurinsa yau ba.

"Minia," ya ce. "Kin makara. Kuma dubi abin da ke ƙafarki."

Ta duba. Ashe da silifas ɗin wanka ta zagaye rabin gari. Dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta. Ta jawo wani bokitin ta kife kusa da shi ta zauna.

"Tsoho, yau ba aiki," ta ce. "An ba da hutu."

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Ga shi na faɗa maka. Mayar wa baiwar Allah takalminta."

Ya miƙa shi yana girgiza kai. Herminia ta ciro waya ta kira Rosaura, ta ce an gan shi, lafiyarsa ƙalau, ta daina kuka ta zo da mota. Mai wurin ta leƙa ɗakinta ta fito da wani kofin, ta tambayi Herminia ko tana shan sukari.

"Cokali uku," in ji Cipriano, tun kafin matarsa ta amsa.