Jar Wayar da Na Sa Zuwa Litinin

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran famfunan bahon ruwan zafi a Velingrad, kuma babu wanda na tsana kamar mai masaukin da ya sayi sukudireba. Da wuta ta ɗauke sai ya zura hannu inda bai sani ba, ya lalata abu uku, sannan ya kira ni yana rantse-rantsen bai taɓa komai ba. Na zagi irinsu har bakina ya gaji.

Wata ranar Alhamis da hantsi Parvan ya kira ni. Parvan kum ɗina ne, shi ya tsaya mana a coci ranar da na auri Rumyana, shi kuma ya riƙe 'yarmu a wurin baftisma. A garinmu ba a ce wa kum a'a, in za ka kira shi kuma sai ka ce kume. Yana da masauki mai ɗaki shida a bakin dajin, da baho ɗaya a tsakar gida.

"Nedyalko, Velichka ta rasu," ya ce. "A bakin bahon. Ka zo kafin mai binciken wuta na hukuma ya iso."

Velichka matarsa ce. Ba ta taɓa yarda da ma'aunin zafi ba, kullum da safe sai ta fito ba takalmi, ta dafa ƙarfen matakala, ta tsoma hannu har gwiwa ta ji ruwan da kanta kafin baƙi su tashi. A haka wani baƙo ya same ta, hannu ɗaya a ruwa, wutar lantarki ta ja ta.

Na tarar an riga an tafi da ita. Parvan yana zaune a kan bokitin da aka kife, rigarsa a baibai.

"Ni ne," ya ce. "Shekaranjiya na canza ƙwan fitilar cikin bahon. Sau nawa ka ce kada in taɓa? Na ce don ƙwai ɗaya ba sai na taso ka ba."

"Kume, bari in duba tukuna."

Na kashe wutar gidan daga babban layi, na durƙusa na cire murfin gefen bahon. Ƙasan famfon duk tsatsa, ruwa ya daɗe yana ɗiga daga bakin robar da ke tare masa ruwa yana shiga cikin injin. Na miƙe na buɗe akwatin wutar da ke jikin bango. A ciki akwai 'yar na'urar da ni nake kira mai gadi, aikinta kenan ta yanke wuta da zarar ta ji tana zurarewa cikin ruwa. Wani ya tsallake ta da guntuwar jar waya, wutar tana bi ta bayanta tana wucewa. An murɗe bakin wayar ta hagu. Ni bahago ne, kuma a duk garin nan babu mai murɗa waya haka sai ni.

Bara ne, wata Juma'a cikin kaka. Mai gadi tana ta yanke wuta, masu biki kuma suna hanya daga Plovdiv, sun kama ɗakunan duka saboda bahon. Na gaya wa Parvan robar famfo ce ta mutu, sabuwa ba za ta iso ba sai Litinin. Ya kama hannuna ya ce, "Yi mini dabara zuwa Litinin kawai, ka fitar da ni kunya." Velichka ta kawo mini banitsa, gurasarmu mai cuku, da zafinta, na ci, na yi dabara. Robar ta iso ranar Litinin, na jefa ta a aljihun mota. Bahon yana aiki, babu wanda ya kira ni, ga otal uku suna jira na, sai sanyi ya shigo da nasa aikin. Wata goma sha huɗu ke nan. Shi Parvan bai san waya daga igiyar shanya ba, a zatonsa na koma na gyara.

Yana can a kan bokitinsa, ya juya mini baya. Na sa filaya na zare wayar, na mayar da komai yadda kamfani ya yi shi, na cusa ta a aljihun wando. Aikin bai kai minti biyu ba, hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne abin da har yau yake ba ni tsoro game da kaina.

"Ƙwan ne?" ya tambaya.

"Sha'anin wuta ne, kume. Ba a cika gane ta ba."

Mai binciken ya zo da jakarsa da takalminsa mai ƙyalli. Ya ga fitilar da aka canza, ya ga ba a zaunar da robarta daidai ba, ya rubuta. Ya gwada mai gadi ta yanke, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce tsofaffin na'urori kan maƙale wani lokacin. Ya sha kofi ya tafi. Da ni ne na aiko shi aiki, da na kore shi a ranar.

Aka binne Velichka, ni na ɗauki kusurwa ɗaya ta akwatin. Parvan ya rufe masaukin. Ya daina aski, ya daina zuwa kasuwa, wandonsa ya koma sai da igiya. Duk wanda ya je gaisuwa sai ya ba shi labarin ƙwan fitila daga farko. Ɗansa da ke aiki a Jamus ya zo jana'iza ya koma bai yi masa sallama ba, ya ce ba zai iya kallon hannun ubansa ba. Rumyana takan kai masa miyar wake ta dawo da ita ba a taɓa ba.

"Mutumin nan ba zai ga bazara ba," ta ce mini. "Kai da ka san wuta, ka gaya masa wani abu mana, ko ƙarya ce."

Ranar cika arba'in muka je makabarta, aka raba dafaffiyar alkama ta sadakar mamaciya, Parvan ya zuba mini tawa da hannunsa. Da jama'a suka watse ya ja ni gida, ya sauko da kwalabe huɗu na miyar tattasai da Velichka ta dafa kafin rasuwarta. Ta manna takarda a jikin kowacce, ta rubuta sunana.

Na fita zuwa mota na dawo. Na ajiye jar wayar a kan tebur, na ajiye robar famfon a gefenta, tana cikin ledarta ba a ko buɗe ba. Na gaya masa duka, daga Juma'ar nan har zuwa filayar da na sa yana zaune a bayana.

"Ba ƙwanka ba ne, kume. Ko da ka jefa fitilar gaba ɗaya cikin ruwan, da mai gadi ta yanke. Ni na ɗaure mata hannu. Ka kira ɗanka ka gaya masa, gobe kuma zan je wurin mai binciken."

Ya ɗauki ledar, ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana karanta kwanan watan da ke jikinta.

"Kwana arba'in kana kallona," ya ce.

"Ina kallon ka."

"Ka ci alkamarta ɗazu."

Ya tattara kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya mayar kan kanta, ya juya takardun suna kallon bango.

"Da ka bar ni da ƙwan fitilata, Nedyalko," ya ce. "Da ƙwan, ita kaɗai na rasa."