Hular Mai Nasara

Wasa bakwai muka buga kafin watan Fabrairu, muka ci shida, muka yi kunnen doki a ɗaya. Ƙungiyar ƙauye ce, ta samarin Hawandawaki, rabin ƴan wasanmu ko takalmi ba su da shi, amma mu ne kan gaba a gasar samariya ta Tasawa, kuma wanda ya gama a gaba shi zai tafi Maradi. Ni ne malamin lakwal, wato makarantar boko ta garin, shekarata ta biyu ke nan da aka kawo ni. Da yake ni kaɗai ke cika takarda da Faransanci, sai aka ba ni sakataren ƙungiya. Kowace Lahadi ni ke rubuta sunayen ƴan wasa goma sha ɗaya, alƙalin wasa ya sa hannu, takardar ta tafi biro, ofishin kumandan mai mulkin ƙasar Tasawa. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

Makaminmu shi ne Mai Nasara, kaftin ɗinmu. Dogo ne, in aka bugo ƙwallo daga kusurwa ya tashi sama, masu tsaron baya sai dai su bi shi da kallo. Cikin ƙwallo goma sha huɗu da muka zura, tara da ka ya ci su.

Daga tsakiyar Fabrairu abin ya juye. Muka yi kunnen doki biyu, aka ci mu biyu, kuma duk bayan hutun rabin lokaci ake cinye mu. Na san shekarar fari ce, damina ta wuce ba a cika rumbu ba, Najeriya kuma ta rufe iyaka. Amma yunwar ta kowa ce. Ƴan Tasawa da ke biye da mu ba kaji suke ci ba, me ya sa ƙafafunmu kaɗai suka mutu?

Sai na fara lura. Mai Nasara ya soma shiga fili da hular saƙa, cikin zafin da ko kare ba ya fita. In ƙwallo ta zo sama sai ya tare da ƙirji, ko ya bari ta wuce. Rannan a gaban raga, shi kaɗai, ya sunkuyar da kai ta wuce ta samansa. Horon ranar Asabar kuma mutum uku ke zuwa. Sannan ga turmi. A garin da daka ya ɗauke tun watan Janairu, mutum na tafiya da hantsin Litinin zai ji taɓarya na sauka a gidaje takwas, kuma duk gidajen ƴan wasana ne.

Mai ɗaukar nauyin ƙungiyar Tasawa wani alhaji ne mai ɗakunan ajiyar hatsi. Na haɗa wannan da wancan, na ga babu abin tambaya: da gero yake sayen ƴan wasana.

Na kai maganar wurin Baba Illo, sarkin samari, tsoho mai tasbi wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na tambaye shi ina yaran ke zuwa ranar Asabar, ya ce ta'aziyya. Na ce ta'aziyya kowane mako? Ya ce ai shekarar ce haka. Da na ambaci wasannin da muka zubar, sai ya ja tasbinsa ya ce ƙwallo rabo ce. Wannan kalma ita ta kashe mu a ƙasar nan. Rijiya ta rufta, rabo. Yaro ya faɗi jarrabawa, rabo. A sayar da sunan gari a kan tiyar gero, shi ma rabo. Na tashi ban yi masa sallama ba.

Ranar Lahadi kafin a fara wasa na tari Mai Nasara gaban ƴan uwansa, na ce ya cire hular.

Ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ma da tabarau kake kallon wasa, wa ya ce ka cire?"

Suka yi dariya, amma ba wanda ya haɗa ido da ni. Aka ci mu biyu da ɗaya. Washegari na rubuta wa kumandan wasiƙa shafi biyu, na ce ina zargin kaftin da wasu bakwai da sayar da wasa, na roƙi a binciki inda geron gidajensu ke fitowa. Na ji daɗin Faransancin da na zuba a ciki.

Ranar Laraba gardi, dogarin kumandan, ya kawo sammaci: ni da Mai Nasara da Baba Illo, Litinin ƙarfe goma, a Tasawa. Kafin la'asar gari ya ji. Mai nama ya daina amsa gaisuwata. Iyaye uku suka hana ƴaƴansu zuwa lakwal.

Ranar Alhamis bayan an tashi yara, Zuhura, yayar Mai Nasara, ta tsaya a ƙofar aji. Bazawara ce mai ƴaƴa huɗu, a gidansa take zaune. Ta ce in biyo ta. Na same shi zaune a zaure ba hula, ga kaskon man kaɗe a gefensa. Tsakiyar kansa gashi ya cinye, fata ta saluɓe ta yi ja, zagaye guda kamar an ɗora faifai an auna. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan tabo. Gammo ne ke yin sa.

Zuhura ce ta yi bayanin. Rumbunansu sun kai su Fabrairu suka ƙare. Tun daga nan, kowace Juma'a bayan masallaci, su takwas suna kora ƴan awakin da suka rage ta cikin daji, su tsallaka iyaka zuwa wata kasuwar Asabar, su musanya da hatsi, kowa ya ɗauko tiya goma sha biyu a ka. Da hantsin Lahadi suke shigowa gari, su wanke ƙafa, da la'asar su sa riga su shiga fili. Kumandan kuwa ya riga ya sa an yi shela cewa duk saurayin da aka kama a hanyar iyaka ba takarda, kaso zai shiga.

Na ce to me ya sa ba za su bar wasan su huta ba?

Nan ne Mai Nasara ya ɗago. "Takardarka, Mushe. Wadda kake cikawa ran Lahadi. Ita ka shaida muna gari. In an nemi mutum takwas a fili an rasa, za a tambayi inda suke."

Na tambaya me ya hana a gaya mini tun farko.

Zuhura ta ce, "Kai mai albashin gwamnati ne, mai alƙalami. Wa ya san inda takardunka ke zuwa? To ga shi mun gani."

Hanya biyu na gani, duk wuri ɗaya suke kaiwa. In na tsaya a kan zargina, za a bi sawun geron, alhajin zai rantse ba nasa ba ne, sawun ya ƙare a bakin iyaka. In na faɗi gaskiya, na rage musu wahalar bincike. Ko ta ina, mutum takwas ne a kaso, gidaje takwas ba mai kawo abinci.

Ranar Litinin muka tsaya gaban kumandan. Soja ne siriri, wasiƙata na gabansa ya ja wa wasu wurare layi da jan alƙalami. Kafin ya tambaya na ce ƙarya na rubuta. Na ce haushin shan kaye ne ya ɗebe ni, kuma kaftin ya yi mini ba'a gaban mutane, na so in rama.

Ya tambayi batun geron. Baba Illo ya ce dangi ne ke aikowa. Ya tambayi batun Asabar, tsohon ya sake cewa ta'aziyya, ko ido bai ƙifta ba.

Kumandan ya ce, "Hular fa?"

Na ce makero ne, ciwon nan mai cin gashi, ya kama shi, ni na ce ya riƙa rufewa kada ya shafa wa saura.

Ya ce a cire. Mai Nasara ya cire. Kumandan ya taso daga kujerarsa, ya zagayo bayansa, ya daɗe yana duban kan. Ina jin agogon bango. Sannan ya koma ya jawo takardun wasanni daga aljihun tebur, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunaye goma sha ɗaya da rubutuna.

Ya ce, "Mayar da hularka." Ya juyo kaina ya ce malamin da ke ɓata wa hukuma lokaci da ƙarya yana bukatar wurin da zai yi tunani. Kafin mako ya zagayo takardar canji ta zo: wata lakwal mai aji ɗaya can gaba da Gidan Amumune, a ƙasar Mayahi.

Har yau ban sani ba ko ya gane tabon. Ina zargin ya gane. In kuwa haka ne, to kowa ya sani ke nan: sarkin samari ya sani, mai nama ya sani, mai kaki ya sani, aka bar samari takwas suna cinye kawunansu a daji, ba wanda ya tashi ya ce garin nan ba abinci, a kawo. Wannan shirun ban yafe shi ba. Nawa laifin kuma na san girmansa.

Saura wasa ɗaya a lokacin, kuma Maradi ta riga ta kuɓuce mana. Ranar Alhamis ina ɗaure littattafai, Baba Illo ya yi sallama. Bai yi zancen Tasawa ba. Ya tsaya yana jan tasbi, can ya ce motata Asabar za ta tashi, ga shi babu mai iya rubutun Faransanci a garin.

Na kwance ƙullin, na ciro takardar wasa. Na rubuta kwanan watan Lahadi, na jera sunaye goma sha ɗaya, Mai Nasara a farko, na miƙa masa. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce Allah ya kai ni lafiya.