Zare Arba'in da Shida

"Yaya Sabiru, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ba hurumina ba ne, kuma maganar ta fi ƙarfin bakina."

Ma'u ta sake karanta layin farko na wasiƙarta a cikin mota. Shafi biyu ne ta ciro daga tsakiyar littafinta na kimiyya. Ta ninke su, ta cusa cikin gyale, ta danne da hammata.

Ba Kucheri, garin su Sabiru, aka aike ta ba. Innarta ta aike ta ne daga Bungudu zuwa Gusau, gidan gwaggonsu da ke Damba, ta gaya mata kada ta wahalar da kanta da zuwa suna jibi, don ba a san ko za a yi ba. Ma'u ta sauka a tashar Gusau, ta tsaya tana dube-dube kamar wadda ta yar da wani abu. Da ta ji ana kiran Tsafe da Funtuwa, motar da ke bi ta Kucheri, sai kawai ta shiga.

Yau kwana biyar ke nan da yayarta Saude ta haihu a gida, haihuwar fari. Namiji ne, lafiyayye, kukansa kamar na ɗan wata biyu. Sai dai zabiya ne. Fari sol, gashinsa kamar audugar da aka tsinko yanzu, in an ɗaga labule sai ya runtse ido. Washegarin haihuwa mijinta Sabiru ya zo daga Kucheri tare da uwarsa. Tsohuwar ta buɗe zanen goyo, ta duba, ta rufe.

"Mu dai tun kaka da kakanni ba a taɓa haihuwar irin wanga a gidanmu ba," in ji ta.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma duk wanda ke ɗakin ya gane sauran. Sabiru ya tsaya a bakin ƙofa, bai karɓi yaron ba, bai yi masa huɗuba ba. Tun daga ranar babu itacen wanka, babu goro, babu rago. Saude kuwa ko kuka ba ta yi. In ta fito daga wankan jego sai ta juya wa ƙofa baya ta ba ɗanta nono, shi ke nan.

Ma'u tana aji huɗu a makarantar 'yan mata ta kwana, hutun damina ne ya kawo ta gida. A zangon da ya wuce malamarsu ta kimiyya, wata 'yar Indiya mai jan ɗigo a goshi, ta shigo aji da zaren ulu ja da fari, ta yayyanka, ta jera a kan tebur bibbiyu, tana nuna musu yadda ake gadon kama. 'Yan aji suka yi ta cusa baki a gyale suna dariya, don darasin ya taɓo inda ba a faɗa. Da aka tashi, Ma'u ce kaɗai ta tsaya ta tsince guntayen zaren ta ajiye cikin littafi. Su ne jiya ta manna a jikin wasiƙar da ƙaro.

A Kucheri ba ta yarda ta doshi gidan ba, tsoron tsohuwar take ji. Wata mai dafaffiyar masara a bakin hanya ta ce mata ai Sabiru kwana uku ke nan ba ya wuni a gari, yana can ruga wurin Buba, Bafillacen da ke riƙe musu shanu. Ta bi wata siririyar hanya tsakanin geron da ya fi ta tsawo, laka na kama mata takalmin makaranta.

Ta same su a gindin wata bishiyar ƙirya. Buba, tsoho dogo mai farin gemu, yana durƙushe yana cire wa wata saniya kaska. Sabiru na zaune a kan kututture, ya zuba tagumi, babur ɗinsa jingine a gefe.

Da can in ya hango ta, tun daga nesa yake fara tsiya: ga amaryata 'yar boko, yaushe za ki tare? Yau sai ya miƙe zumbur.

"Ma'u? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau, Yaya." Ta durƙusa ta gaida Buba, sannan ta miƙa takardar da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"Ita ta aiko ki?"

"Ba ta san na zo ba. Ba wanda ya sani."

Sabiru ya gama firamare, yana karatu, amma a hankali, leɓɓansa na motsi. Ma'u ta san kowane layi da ka, tana bin sa a zuci.

"A jikin kowane mutum akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, guda arba'in da shida, a jere bibbiyu. A kowane biyu, ɗaya na uba ne, ɗaya na uwa. A cikinsu Allah ya ajiye kama da launi da tsawo. In jiki zai yi irin haihuwa, sai su rabu gida biyu, ashirin da uku kawai ke tafiya. Namiji ya kawo rabi, mace ta kawo rabi, sannan ɗa ya cika. Babu mai zaɓen wanda zai tafi. Zaren zabiya yana iya ɓoyewa a jikin baƙin mutum har ya mutu bai sani ba, ya bar wa ɗansa, ɗan ya bar wa jika. Ba ya fitowa fili sai ya zo daga wajen uba kuma ya zo daga wajen uwa. Ka dubi zaren da na manna. Fari ɗaya na Yaya Saude ne. Ɗayan, ka gafarce ni, naka ne. Kuma malamarmu ta ce irin waɗannan yara lafiyarsu ƙalau, rana ce kawai ba sa so, a riƙa sa musu malfa da riga mai dogon hannu."

Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Ya sa farce ya taɓa farin ulun.

"Wato ni ke da shi," ya ce.

"Ku biyu ne, Yaya."

"A makarantar taku abin da ake koya wa 'yan mata ke nan?"

Ma'u ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Buba ya murƙushe kaska tsakanin duwatsu biyu, ya goge hannu a cinya. "To, ni ba ni da boko. Mi takarda ta ce? Kun bar ni kamar jaki a bakin masallaci."

Sabiru ya kau da kai. Ma'u ta gane in ba ta yi magana ba, ba mai yi. Ba ta iya duban ko ɗayansu ba, sai ta kafa wa saniyar ido, ta yi mata bayani. Ta fara da in'ina, ta ce iri, ta ce rabi da rabi, ta ce abu kan ɓuya ya tsallake ɗa ya tsallake jika. Da ta zo kan kalmar zabiya, Buba ya ɗago kai da sauri ya dubi Sabiru.

"Zabiya aka samu?"

Sabiru ya gyaɗa kai.

"Kai, amma kai wawa ne, Sabiru! Kwana uku kana zaune nan kana ƙona mini itace. Na ce mi aka samu, ka ce namiji. Na ce ina ragon, ka ce tukuna. Ashe abin da ka haɗiye ke nan?" Ya juya ga Ma'u. "Ke kuma ɗiyata, wanga ne aka kwashe ku har makarantar kwana a koya muku? Da an kawo ku nan, da kun koya da nono a kai kyauta. Taso ki gani."

Ya ja su bayan garke, ya nuna wani maraƙi ja wur, yana tsotson uwarsa fara tas.

"Ga uwa fara. Ga uban can, shi ma fari. Ni na haɗa su, ina tsaye. Daga ina ja ya fito? Kakar kakarsa ja ce, kakanka ya sayo ta a Talatar Mafara ina yaro. Na ɗauka jan ya ƙare, sai bana ya ce salamu alaikum. Ka ji na tsare saniyar nan ina tambayarta inda ta kwana?"

Dariya ta kusa ƙwace wa Ma'u, ta danne da gyale. Sabiru bai yi dariya ba.

"Baffa, shanu daban, mutane daban. Inna ta ce a gidanmu ba a taɓa yi ba."

Buba ya dube shi. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Innarka ba ta yi ƙarya ba. Ba ta sani ba ne, don ba a kawo ta gidan ba tukuna. Ka ga kukar can? Akwai kabari a gindinta. Hauwa'u sunanta, ƙanwar tsohonka, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar da fara ta cinye gero aka haife ta, fara kamar madara. Kakanka ya ji kunyar mutanen gari, ya kawo ta nan tana cikin tsumma, uwata ta shayar da mu tare. Tana bin mu kiwo ba hula ba komai, rana ta cinye mata fata. Ba ta kai aure ba." Ya share gemu. "Tsohonka duk sallar layya sai ya zo ya zauna can shi kaɗai. Ka sha rako shi. Ka taɓa tambayarsa mi yake yi?"

Sabiru ya juya yana kallon kukar. Shanu na ta kaɗa jela, tsuntsaye na sauka a bayansu. Ma'u ta jira ya ce wani abu, ko na faɗa ne.

Ya ninke takardar sau huɗu, ya sa a aljihun gaba.

"Tashi ki tafi gida," ya ce, bai dube ta ba. "Kada la'asar ta yi miki a hanya."

"Yaya, to me zan ce wa..."

"Na ce ki tafi."

Ta tafi. A cikin geron ta yi kukan da ta riƙe tun safe, tana zagin kanta. Wa ya aike ta? Yarinya da ita ta dubi mijin yayarta ta ce masa abu na jikinsa! Ga shi ta sa an tono masa kabari. In ya kai wa innarsa takardar, gobe duk Bungudu za a ji cewa 'yar boko ta zubar da mutuncin gidansu, Saude kuma ta ƙara da wannan.

Ta daɗe a bakin hanya kafin ta sami motar da ta sauke ta a Tsafe. Ranar kasuwa ce, tasha cike da buhunan masara da kwandunan kaji. Motar Gusau saura mutum huɗu ta cika. Ma'u ta raɓe a inuwar wata rumfa tana kankare lakar takalminta da tsinke.

Kukan rago ne ya sa ta ɗaga kai. A tsallaken titi ga babur jingine, an ɗaure wani farin rago mai baƙin wuya a bayansa cikin kwando, yana ta harbe-harbe. Ta san babur ɗin, ta san tsagewar da ke kujerarsa. Kusa da shi, a gaban mai sayar da malfuna, Sabiru na tsugune yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana duba saƙar a rana ko haske na ratsawa.

"Wannan ta yi maka daidai, Malam," in ji mai malfa.

"Ba tawa ba ce. Ba ka da ƙarama?"

"Ga ta 'yan kiwo. Yaron shekararsa nawa?"

Sabiru ya sosa ƙeya. "Kwana biyar."

Mai malfa ya saki baki, sannan ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Jama'a ku zo ku ji! Malam, ai wannan sai dai ku kwantar da shi a ciki!"

"Ba ni ita hakanan," in ji Sabiru. "Zai girma ya same ta. Ɗana ne, babban kai gare mu."

Ya rataya malfar a wuya, ya miƙe yana waige-waige, kamar mai neman inda ake sayar da goro. Ma'u ta ja gyale ta rufe rabin fuska. In ya gan ta dole ya ce wani abu, ita ma dole ta amsa, kuma ta san daga yau har su tsufa ba wanda zai iya tayar da maganar takardar nan a cikinsu.

Sai a lokacin ta tuna har yanzu ba ta isar da aiken Damba ba. Za ta je, amma abin da za ta gaya wa gwaggo shi ne ta zo jibi da sassafe, ta taho da babbar tukunyarta.

Ta sunkuya, ta bi ta bayan buhunan masara, ta shige motar ta zauna can ƙurya kafin ya juyo.