Jan Fenti a Katangar Rufa'i

Gidan Rufa'i tela shi ne na ƙarshe a layinsu a Tudun Wada, daga shi sai kwari. Kowace damina sai kwarin nan ya ci wani abu. Bara ya tafi da bishiyar mangwaro, bana ya matso har gindin katanga, ƙasa ta fara zaftarewa. Rufa'i ya san in aka sake yin ruwa mai ƙarfi, ɗakin da iyalinsa ke kwana ne zai bi.

Wata rana ya dawo daga shago da la'asar, sai ya tarar an gicciya jan fenti a jikin katangarsa. Duk mutumin Gombe ya san abin da wannan ke nufi: rusau. Matarsa Bilkis ta ce wasu ne suka zo da hulunan kwano da sandar awo, sun yi sallama, ita kuwa tana tuƙin tuwo, ta ce musu maigidan ba ya nan. Bai tambayi kowa ba. Haka mutanenmu suke, sai su yanke hukunci tun ba su ji ta bakin mai abu ba. Ya sayo farar ƙasa ya dama, ya shafe katangar fes, ya koma gefe yana yaba dabararsa.

Ran Asabar mai unguwa ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Wata injiniya mai suna Hilda ta miƙe ta yi bayani. Ta ce su ba hukuma ba ne, ƙungiya ce ta masu awon ƙasa da masu tsara gari da injiniyoyi, suna aiki kyauta don kada a riƙa gini a hanyar ruwa, kuma don a ceci gidajen da kwari ya riga ya iske. Ta ce gidajen da suka sa wa ja su ne ruwa ya fi matsa wa, gobe tifa za ta zuba musu duwatsu, a ɗaure su cikin ragar waya a tare ƙasa. Duwatsun ba su da yawa, saboda haka direba zai bi fenti ne kawai. Da aka tambaye ta dalilin zaɓen ja, sai ta yi dariya ta ba da haƙuri, ta ce shi aka ba su gudummawa.

Wurin ya kaure da murna, dattawa na ta sa albarka. Ernest, maƙwabcin Rufa'i kuma abokin wasansa, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Tela, ina naka jan? Na ga gidanka ya yi fari tas kamar za a kawo amarya."

Rufa'i ya ce ya rufa masa asiri. Ya kutsa zai sami Hilda, amma kafin ya ratsa taron motarsu ta wuce unguwar Madaki, inda wani aikin ke jiran su.

Da gari ya waye, layin ya zama abin kallo. Mai sayar da fenti na bakin titi ya sayar da jan da ke shagonsa kaf. Har waɗanda ke can tudu, da ruwa bai taɓa leƙa musu zaure ba, sun gicciya ja a katanga suna zaune a ƙasansa suna jira. Abin kunya, manya da gemu. Rufa'i ma ya je nema, ya dawo hannu rabbana, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Tifa ta shigo layin tana ruri, jama'a na biye da ita. Direban, Abdulaziz, ashe an ja masa kunne. Duk inda ya ga ja sai ya sauko ya dangwala babban yatsa. In fentin ya kama yatsan, sai ya ɗaga wa jama'a su gani, a kwashe da dariya, ya wuce. A gidan Ernest ya juye duwatsu, don nasa busasshe ne. Daga nan ya hango farar katangar Rufa'i, ya fara juya kan mota.

Bilkis ce ta fito da bokiti da tsintsiya.

"Malam, farar ƙasa fa ruwa na wanke ta. Nasu kuwa fentin mai ne."

Rufa'i ya fizge bokitin ya sheƙa wa katangar. Ernest ya tsaya gaban tifa ya shimfiɗa hannuwa, yana ce wa direba in zai wuce sai dai ya bi ta kansa. Mata suka riƙa miƙo ruwa daga gida zuwa gida, Rufa'i na dirza da tsintsiya, farin ruwa na bin hannun rigarsa har gwiwa. Da farko ba a ga komai ba. Can sai wani ja-ja ya fara leƙowa, jama'a suka ɗauki sowa, ya ƙara ƙaimi har alamar ta fito gaba ɗayanta.

Abdulaziz ya sauko a hankali, yana jan rai. Ya dangwala yatsa, ya murza, ya duba. Yatsan ya yi fari, babu ɗigon ja.

"Baba, wannan namu ne. Matsa min in yi baya."

Duwatsu suka zube a gindin katanga da ƙara kamar aradu. Rufa'i ya rasa inda zai sa kansa, ya riƙe hannun direban yana ta girgizawa, ya yi masa alkawarin ɗinkin kaftani. Ernest ya ce shi ma da ya tare mota da ƙirji a auna shi.

Kafin azahar ma'aikatan ƙungiya sun iso da ragar waya, maza suka yi layi ana miƙa dutse hannu da hannu. Yayyafi ya fara sauka ana ɗaure raga ta ƙarshe. Bilkis ta tambayi mijinta ko a ajiye sauran farar ƙasar. Ya ce ta bai wa mutanen tudu, su ne yanzu ke da abin shafewa.