Saiwa a Ƙasa, Fure a Sama

Farfesa ya ɗora zarto a gindin shukar, ya ja sau ɗaya, sai ya tsaya yana duba haƙoran zarton kamar su suka yi masa laifi.

"Baba, in ba za ka iya ba miƙo min," in ji mai fenti daga kan tsani. "Mai gida ya ce yau a gama bangon baya. Duk abin da ya manne wa bango a cire shi."

"Na ce maka ba zan iya ba?"

"Ba ka ce ba. Amma tun da na hau tsanin nan kake lallashinta."

Ba farfesa ba ne. Ma'aikacin laburare ne da ya yi ritaya, mutanen gidan benen ne suka liƙa masa sunan saboda ba ya amsa gaisuwa sai ya gyara wa mai ita magana. Shi kuma bai taɓa hana su ba, don a ganinsa cikin kurakuransu wannan ne kaɗai ya kusa gaskiya.

Shukar ta marigayiya matarsa ce. A littafi tana da dogon suna na wani Bature da ya mutu tuntuni, amma ita furen takarda take ce mata. Ɗan reshe ta kawo cikin gwangwanin madara, ta dasa a rabin duro a barandar baya. Tana raye, ruwan wanke-wanke take watsa mata in ta tuna, shukar kuwa ta yi ta fure ba kunya ba tsoron Allah. A shekarar da ta rasu aka gina ƙaton sito a bayan gidan, bangonsa ya tare wa barandar rana. Tun daga nan babu fure ko ɗaya, sai ganye da ƙaya.

Farfesa ya karanta duk abin da aka rubuta a kan shukar. Ya ba ta ruwa a kan lokaci, ya rage ruwan da littafi ya ce a rage, ya sayo taki da kuɗin da ya kamata ya sayi maganin gwiwa. Ta karɓi komai kamar surukin da ya zo kwana biyu ya shekara, ba godiya. Sai ma ta bi bututun ruwan sama ta hau, ta kutsa ta wata kafa a gefen barandar da ke samansa, ta ɓace. Bayan gidan ɗan lungu ne a kulle, ba mai shiga balle ya ɗaga kai. Bai bi sawunta ba. Abin da ke sanyaya masa zuciya kawai, watakila ƙayar tana sukar matar sama.

Matar sama ungozoma ce da ta yi ritaya, laifuffukanta kuma yana riƙe da su a ka, a jere kamar littattafai. Kullum da yamma sai ta ja kujera a saman kansa. Lokacin da marigayiya ke raye, takan ce bari ta hau sama minti biyar, sai ya yi ta jin dariyarta ta cikin silin, irin dariyar da bai taɓa ji a falonsa ba. Ranar ta'aziyya Ungozoma ta ce, "Ta huta," tana kallonsa. Mafi muni, kowace safiya sai ya share jajayen furanni da suka zubo masa daga barandarta. Ya tabbata da gangan ne: mai fure tana watsa wa marar fure ragowa.

Ya sake ɗora zarton. Wannan karon ya ja da ƙarfi, shukar ta girgiza tun daga duro har inda ido ba ya kaiwa.

"Kai mai fenti!" wata murya ta faɗo daga sama. "Wa ke girgiza min furena?"

Mai fenti yana tsakiyar tsani, shi kaɗai ke ganin su biyun. Ya ɗaga kai, ya sunkuyar.

"Mama, Baba ne zai yanke."

"Wane baban? Ya yanke me?"

"Ka gaya mata," in ji Farfesa, "kayana nake yankewa a barandata."

"Ya ce kayansa ne."

"Na ji shi, ba kurma ba ce ni. Ka ce masa in ya sake ja, da wannan zarton zan yi masa aiki."

Aka ji ƙarar silifa a kan matakala. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ƙofar a buɗe take saboda kayan mai fenti. Ta ratsa falon ta tsakanin tulin littattafai tana tattare zane, ta tsaya a bakin baranda. Ta dubi duron, ta bi kututturen da ido har inda ya shige kafar. Bakinta ya buɗe.

"Ashe daga nan yake fitowa."

"Daga ina kika ɗauka yake fitowa, Malama? Daga gajimare?"

"Ni dai wata rana na ga reshe ya leƙo, na ce masa bismillah. Ban taɓa ba shi ko ɗigon ruwa ba. Na ɗauka ikon Allah ne."

"Ikon Allah ne. Amma ni ke ɗaukar bokitin."

"To Allah ya ba ka lada. Ajiye zarton."

"A kan me? Ganye da ƙaya? Tun da mai ita ta tafi ba ta yi fure ba."

Ungozoma ta dube shi irin kallon da take yi wa mazan da ke suma a ƙofar ɗakin haihuwa. Ta sunkuya ta tsinci jan fure ɗaya a gefen takalminsa, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Wannan fa? Kunnen akuya ne?"

"Wannan naki ne. Shararki ce da nake kwashewa kullum."

"Farfesa, ni ko albasa na shuka mutuwa take yi."

Mai fenti ya yi tari a kan tsani. "Baba, wallahi na ɗauka ka sani. Shi ya sa na ce tsohon nan akwai taurin zuciya."

Farfesa ya dubi furen da ke tafin hannunsa. Ya ajiye zarton a hankali, ya bi Ungozoma a baya zuwa sama. Rabonsa da waɗannan matakala tun ran da ya hau yin ƙorafin kujera, aka ba shi shayi aka ƙi ba shi haƙuri. A falonta yayanta, wani tsoho mai nauyin ji, yana zaune gaban talabijin. Farfesa ya yi masa sallama, tsohon ya ce masa ba sa sayen komai.

Ta yaye labulen baranda.

A nan sama bangon siton ya ƙare, rana tana zuba yadda ta ga dama. Shukar ta cika ƙarfen barandar, ta haye igiyar shanya, ta sauko ta ɗaya gefen. Ganyen ma da ƙyar ake ganinsa. Ja ne ko'ina, ja mai ihu, irin wanda marigayiya ke saye a zane shi kuma ya ce ya yi yawa ga mai shekarunta. Takinsa ne, ruwansa ne, ciwon gwiwarsa ne, duk sun hau bene sun yi kwalliya a gidan wata.

A ƙarƙashin furen akwai kujeru biyu. Ɗaya ta lotsa da zama. Ɗayar tana da ɗan matashi mai shuɗin zare, ya gane ɗinkin marigayiya.

"Kujerarta ce, ita nake fitarwa kullum da yamma," in ji Ungozoma. "In duhu ya yi na mayar, kada ruwa ya dake ta. Na saba ne kawai."

Farfesa ya ɗaga kai ya dubi shukar. 

"Tana buƙatar aski," ya ce. "Ta yi yawa."

"Haka ka riƙa ce wa ƙawata."

"Ranar ta'aziyya kin ce ta huta."

"Na ce."

"Da wa?"

"Da ciwo mana, bawan Allah." Ta gyara ɗankwali. "Amma tunda ka tambaya, har da kai kaɗan."

Mai fenti ya leƙo ta tsakanin furanni, hularsa ta maƙale a ƙaya. "Iyayena, rana tana tafiya. A yanke ko a bari?"

"Saurayi," in ji Farfesa, muryar laburare ta dawo masa, "me mai gida ya ce maka? Faɗi daidai."

"Ya ce duk abin da ya manne wa bango."

"Madalla. Wannan shukar ba ta manne wa bango. Ba ta da abin kamawa, jingina kawai take yi, kamar yawancin mutane. In aka ture ta, za ka shafa fentinka ta bayanta."

"Wa zai ture ta? Ka ga ƙayar kuwa?"

Haka aka yi Farfesa ya koma ƙasa ya ɗauki sandar mofar goge ƙasa, Ungozoma ta ɗauki sandar share yanar gizo a sama. Suka kwance tsummokaran da marigayiya ta ɗaure kututturen da su a jikin bututu, suka tokare shukar suka tura ta waje, mai fenti ya kutsa tsakaninta da bango yana salati duk sanda ƙaya ta same shi.

"Ta wajenki ta kwanta!" Farfesa ya ɗaga murya. "Tura!"

"Ina turawa! Kai ne hannunka ke rawa, har nan nake ji."

"Nauyin furenki ne."

"Au, yanzu ya zama nawa?"

"Nauyin naki ne. Furen nawa."

"Baba, Mama, don Allah," in ji mai fenti, "duk wanda ya saki, ni zan mutu."

Ba wanda ya saki. Kafaɗun Farfesa suka yi wuta, furanni suna zubo masa a kai da wuya, wasu suna faɗawa cikin bokitin fenti. Sai da bangon ya sha iska suka jingina ta a hankali. Inda zarto ya ci, ya naɗe da ɗaya daga cikin tsummokaran, ya ɗaure da kyau.

Mai fenti ya sauko yana tsintar ƙaya a hannu. "Wannan shafin farko ne fa. Gobe akwai na biyu."

"Ka gaya wa ta sama," in ji Farfesa.

"Na ji!" aka amsa daga sama.

Da yamma ya cika bokiti ya juye a duron, ruwan ya nutse kamar kullum, ba godiya. Barandar ta cika da ja. Ya ɗauki tsintsiya, ya dubi ƙasa, ya mayar da ita bayan ƙofa.

Sai ga ƙarar nan a saman kansa: ƙiiii, an ja kujera. Aka ɗan dakata. Ƙiiii, an ja ta biyu.

Ya yi tsaki. Wannan ba hayaniyar da mai hankali zai yi shiru a kanta ba ce, dole a je a yi magana. Ya sa takalmi ya fita. Ya taka matakala biyu, sai ya dawo ya ɗauki tabarau.